Noman Bakin Taga

A ƙasar Hausa manomi ba ya sa ranar shuka. Hadari ne zai haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, ruwa ya kwana yana zuba. Da asuba a tona ƙasa da hannu a ga iyakar inda lema ta kai, in ta yi nisa kowa ya saɓi sunguminsa. Magidanci na gaba yana sara, yara na biye da ƙwaryar iri suna jefawa suna rufewa da diddige. Babu mai duba kalanda, babu mai tambayar yau nawa ga wata. Ko mu da muka girma a birni, muka san gona a lokacin hutun makaranta kawai, da wannan fahimta muka tashi: sama ce ke ba da izini, mutum ya bi.

A arewacin Ingila, inda karatu ya kawo mu, neman abinci kuma ya zaunar da mu, wannan lissafi ba ya aiki. Ruwa a Manchesta ba abin roƙo ba ne, yayyafi yakan wuni yana zuba kamar an manta da shi a buɗe. Rana ake ƙishirwa a nan. A ƙarshen Disamba wuni bai wuce awa bakwai da rabi ba, Azahar da La'asar da Magariba suna taka sawun juna. Sai tsakiyar Fabrairu yake kai awa goma. Da rana ma'aunin zafi bai cika wuce digiri 7 ko 8 ba, da dare kuwa raɓa takan daskare a kan ciyawa ta yi fari fat, ta ƙone duk ɗanyen ganyen da bai saba da ita ba. Wannan daskararriyar raɓa ba ta gama tafiya sai tsakiya ko ƙarshen Mayu, kuma tana iya dawowa tun Oktoba. Tsakanin tafiyarta da dawowarta bai fi wata biyar ba. Attaruhu kuwa, daga ƙwaya zuwa jan ɗa, yana bukatar wata shida ko bakwai a wannan ƙasa. Lissafin ba ya fita sai an ranto watanni daga hunturu, kuma hanyar rantowar ɗaya ce: a shuka a cikin ɗaki tun waje yana daskare.

Abin da ya fi kama da haka a gida shi ne binne. Mai binne yakan shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, don hatsinsa ya riga na kowa tashi. Ya san kasadar da ya ɗauka. Ruwa na iya ɗan yayyafawa ya tayar da irin sannan ya ɗauke, ko zabi da tururuwa su tone rabinsa. Duk da haka yakan sara ya jefa, ya dogara da hadarin da bai gani ba. Mu ma haka muke yi, sai dai mu baya muke ƙirgawa. A ɗauki ƙarshen Mayu, ranar da ake sa ran fitar da shuka waje, a rinƙa cire makonni har a iso ranar da ya kamata kowane iri ya shiga ƙasa.

Daga ƙarshen Janairu bakin tagar kicin yake fara sauya kama. Robobin yogot da aka huda wa gindi da ƙusa, kwalin ƙwai, robar da aka sayo inabi a ciki, duk abin da zai riƙe ƙasa ya bar ruwa ya tsiyaye. Ƙasar ma a buhu ake sayo ta, baƙa mai laushi marar tsakuwa, don ta ɗan filinmu na baya a wannan lokaci laka ce mai sanyi, duk ƙwayar da ta shige ta ruɓewa za ta yi.

Attaruhu ne na farko, don shi ne sarkin nawa. Yana son ɗumin digiri 25 zuwa 28 kafin ya yarda ya fasa, kuma ko ya samu yakan yi mako biyu zuwa huɗu bai ce uffan ba. Muna ajiye robarsa kusa da hitar ɗaki, a rufe da farar leda kada lema ta tsere. Gauta da tattasai su biyo baya cikin Fabrairu. Tumatir ba shi da wannan jan aji. Digiri 18 zuwa 21 ya ishe shi, cikin mako ɗaya ko biyu ya leƙo, kuma saboda saurin girmansa ba a shuka shi sai saura mako shida zuwa takwas a fitar da shi, in ba wanda yake da ɗakin gilashi ba, shi ne mai iya farawa tun Fabrairu. Latas kuwa halinsa daban. In zafi ya yi yawa sai ya ƙi tsira, don haka tagar da ta fi sanyi ake ba shi, kuma ba a binne shi, a barbaɗa a sama ne a danna da yatsa. Sauran iri kuwa, zurfin raminsu bai wuce ninki biyu na kaurin ƙwayar ba. Irin da ya daɗe a ajiye ana gwada shi kafin a ɓata masa ƙasa: a naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tishu, a sa a leda a wuri mai ɗumi, a ƙirga nawa suka fasa. Na albasa ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu, na tumatir yakan kai huɗu ko fiye yana da rai.

Daga nan sai jira. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, daidai lokacin da robobi suka cika taga, sai duba su ya shiga cikin al'adar sahur. A gama cin abinci, a ɗaga leda ɗaya bayan ɗaya a haska da fitilar waya. Kwanaki da yawa baƙar ƙasa kawai ake gani. Ran nan sai ga wani ɗan farin wuya ya lanƙwaso kamar ƙugiya, kansa na ƙasa tukuna. Kafin Magariba ya miƙe da ɓawon irin a kansa kamar hula, washegari ya buɗe kunnuwa biyu. Mutum mai iyali, mai aiki da biyan haya, sai ka same shi tsugune gaban robar yogot yana kiran mutanen gida su zo su gani.

Mun nuna wa Hajiya ta wayar bidiyo, tana zaune a tsakar gida a Kano, zafin bazara ya fara kankama.

"Wai me nake gani jere a taga kamar kantin mai magani?"

"Shuka ce, Hajiya. Attaruhu ne da gauta."

"A ɗaki? Ikon Allah. To gonar tana ina?"

"Ita ce wannan. Sai sanyi ya wuce mu fitar da su."

"Ƙasar fa, a ina kuka ɗebo?"

"Saye muka yi, Hajiya. A buhu."

Ta yi dariya har da share hawaye, ta kira mutanen gida su zo su ga 'ya'yanta da suka je Turai suna sayen ƙasa. Da ta gama sai ta ce a matso da wayar. Ta ƙura ido ta daɗe tana kallo.

"Ai reno ne wannan," in ji ta. "Haka 'yan lambu suke yi a Kura. Su inuwa suke nema wa nasu, ku kuma ɗumi. In sun yi ganye huɗu ku raba su, kuma ku yi hankali da ruwa. Jariri ba a yi masa ɗura."

Gaskiya ta faɗa. A Kura da Kadawa ana renon tumatir a ƙarshen damina, a dasa shi a fangali da shigowar sanyi, a yi ta ban ruwa daga madatsar Tiga. Lokacin da muke jefa ƙwayar farko a nan, Kwanar Gafan ta cika da kwanduna, motoci na lodi zuwa Kudu. Sana'ar ɗaya ce, sanyin da yake raya nasu ne yake kashe namu.

Babban abokin gaban reno a bakin taga shi ne ƙarancin haske. Tsiron da ya sami ɗumi bai sami rana ba yakan zuba tsawo siriri kamar zare, fari-fari, ya karkata wajen gilashi har ya kasa ɗaukar kansa. Maganinsa a cire leda da zarar ya fito, a matsar da shi daga hita zuwa tagar da ke kallon kudu, a rinƙa juya robar kullum, a jingina kwali mai farar takardar alminiyam a bayansa don ya mayar masa da hasken da ya wuce. Na biyu kuwa wata cutar funfuna ce da ke kama tsiro a gindi in lema ta yi yawa iska ta yi kaɗan. A kwanta lafiya, a tashi a tarar da layi guda ya zube. Shi ya sa ta ƙasa ake ba su ruwa, a tsoma gindin robar a faranti na ɗan lokaci a cire. In lokacin dashe ya yi, ta ganye ake kama tsiro, don ganye in ya yage wani zai fito, kara kuwa in ya murje shi ke nan. Tumatir ana nutsa shi har wuya, saboda karansa yana fitar da saiwa duk inda ya taɓa ƙasa. A ƙarshe, cikin Mayu, sai a yi kamar mako biyu ana fitar da su da hantsi ana shigo da su da yamma, har su saba da iska. Wanda aka fitar rana ɗaya aka bari ya kwana, ko sanyi bai kashe shi ba, dodon koɗi zai gama da shi kafin gari ya waye.

Furanni daga baya suka shigo cikin jerin. A gida ba mu tashi da shuka abin da ba a ci ba. Fulawa ta gidan gwamnati ce da unguwar Nasarawa. A wurinmu fure alƙawarin ɗa ne, ana duba furen wake da na kabewa da na auduga don a san yadda kaka za ta kasance. In an cire furen lalle da ake so don ƙamshinsa, da wuya ka ji an yabi fure don kansa. Amma wanda ya yi wata huɗu a ƙarƙashin sama mai launin toka, bishiyoyi duk tsirara, zai gane abin da ya sa mutanen nan suke ba fure muhimmancin da muke ba hatsi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta miƙo mana ambulan ta saman shinge, da irin wani fure da suke kira marigol, siriri baƙi mai farin gashi a kai kamar guntun tsintsiya. Ba shi da wahala, cikin mako guda ya tsira, kuma daga Yuni har sanyi ya dawo yana zuba fure ruwan ɗorawa da ruwan goro. Ta ce a dasa shi a gindin tumatir, masu lambu sun daɗe suna cewa warinsa yana korar ƙananan fararen ƙwarin da ke tsotse ganye. Da wannan hujja ya sami shiga gidan Bahaushe. Yanzu ko babu tumatir za mu shuka shi.

A jikin takardar irinsa da ake sayarwa a kanti, wani nau'in an rubuta na Afirka, wani na Faransa, alhali dukkansu daga Meziko suka fito. Wannan ya sa muka bi diddigin sauran abin da ke taga, sai muka tarar kusan duk baƙi ne. Tumatir da tattasai da attaruhu 'yan nahiyar Amurka ne, babu wanda ya san su a Afirka ko Turai kafin 1492. Sunan attaruhu na kimiyya ma Sin yake nunawa, don masanin tsirran da ya raɗa masa shi a 1776 ya zaci daga can yake. Masara da muka laƙaba wa sunan Masar, ita ma daga Meziko take. Yau wa zai iya gaya wa matar Bahaushe cewa kayan miyanta baƙi ne? Sun zo, sun zauna, sun ba da iri, an ajiye an sake shukawa, har suka zama 'yan gari. Mu kuma yanzu zoɓon Jigawa muke lodawa a jirgin ruwa zuwa Meziko.

Mun ga yadda baƙo yake zama ɗan gari da idonmu a filayen lambu da ƙananan hukumomi ke ba mazauna haya. Tun 1908 doka ta ɗora musu samar da irin waɗannan filaye, cikakken kaso yakan kai murabba'in mita 250, kuma a birane mutum yakan yi shekaru a layi kafin ya samu. A can za ka ga 'yan Bangaladash sun kafa rumfuna duma na reto, ka ga 'yan Jamaika, waɗanda iyayensu suka fara zuwa tun 1948, da fangalin wani ganye da suke kira kalalu. Muna matsawa kusa muka ga alayyafo ne. Wani dattijo daga cikinsu ya ɗebo mana irinsa a tafin hannu, baƙi sumul, ƙanana kamar yashi. Ya ce bai taɓa sayen irin ba. Duk shekara yakan bar wasu tushe su yi kai, ya zaɓi waɗanda suka riga ƙosawa kafin sanyi, ya sheƙe ya ajiye. Haka kakanninmu suke ware manyan zangarniyoyin gero su rataye daban, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa su. Shekara da shekaru na wannan zaɓe sun sa alayyafonsa ya koyi gajeriyar bazarar Ingila. A filinmu yanzu da kansa yake zubar da iri, ya fito a tsagin siminti ba wanda ya gayyace shi.

Yakuwa ce ta ƙi. Ba ta ƙin tsira, in gurguzu ya kwana a ruwa ya sami ɗumi, cikin 'yan kwanaki ya fasa. Ba ta ƙin girma, a tukunya a jikin bango mai samun rana takan yi jan kara da ganye mai tsami, a yi miyar taushe da fate har a kai wa abokai. Fure ne ba ta yi a kan lokaci. Ita yakuwa tsawon dare take aunawa, ba ta fure sai wuni ya gajarta ya koma wajen awa goma sha biyu. A Kano, inda wuni ba ya nisa da hakan duk shekara, ana shuka ta da damina a gefen gonar gero ko gyaɗa, ta yi fure da kaka, a tsinke zoɓo da shigowar sanyi. A Manchesta kuwa wunin ƙarshen Yuni awa goma sha bakwai ne, kuma ba ya saukowa zuwa sha biyu sai ƙarshen Satumba. Kafin ta gama shawara ta fitar da 'yan ƙunshin fure, ɗumi ya tafi, raɓa ta daskare, ta kwanta. A ci ganye, amma babu zoɓo, babu gurguzu. Kowace shekara sai an nemo sabon iri daga wani wuri, kuma dokar ƙasar ba ta yarda a cuso irin shuka a jaka haka kawai ba tare da takardar shaidar lafiyarsa ba. Sai dai a saya wurin masu sayar da iri, ko a zazzage ledar busasshen zoɓo daga kantin 'yan Afirka a tsinci 'yan ƙwayoyin da suka maƙale.

Da Hausa, abin da ake shukawa iri ne, zuriyar mutum ma iri ce. Ba mu taɓa lura da nauyin wannan ba sai a nan. 'Ya'yanmu suna jin Hausa. In an ce a ɗauko ludayi za a ɗauko, in an yi faɗa sun san an yi. Suna gaida Hajiya da ladabi, ina kwana, lafiya lau, yaya jiki, daga nan kuma sai su miƙo wayar. Amsarsu da Turanci take fita, mafarkinsu ma muna zaton haka. Suna son tuwo da miyar kuka, suna sa kaftani da lalle ranar Sallah. Ganye ne mai kyau, kore shar, kowa ya gani zai yaba. Tambayar da ke hana iyaye irinmu barci ita ce ko zai yi fure, wato ko su ma za su iya miƙa wa nasu 'ya'yan abin da za a sake shukawa, ko kuwa kowane ƙarni sai an koma gida an ɗebo sabo, har ranar da babu sauran wanda ya san hanyar gidan. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun daɗe muna jin karin maganar a matsayin gargaɗi ga matafiyi. Ashe har da waɗanda aka haifa a hanya take nufi, su da ba su bar ko'ina ba.

Ba duk abin da muka zo da shi ne zai zama alayyafo ba, mun yarda da wannan. Wasu abubuwan za su zauna da kansu ba tare da wahalar kowa ba, kamar suya da kilishi da sallama a bakin ƙofa. Wasu kuwa halin yakuwa gare su, suna bukatar irin daren da ƙasar nan ba ta bayarwa. Karin magana, habaici, zaurance, sanin wanda ake ce wa kawu da wanda ake ce wa baffa, waɗannan a doguwar hirar tsakar gida suke ƙosawa, inda yaro yake kwance a tabarma yana jin manya ba tare da an ce masa darasi ake yi ba.

Masu noman furanni na kasuwa suna da dabara ga tsirran da ke auna dare. In suna son su yi fure kafin lokacinsu, sai su rinƙa lulluɓe su da baƙin ƙyalle tun da sauran rana, su buɗe da safe, har makonni, tsiron ya ɗauka kaka ta yi. Bana za mu gwada wa yakuwa. Shi ya sa muka shuka ta tun Fabrairu tare da attaruhu, don ta yi ƙarfi da wuri. In Allah ya kai mu Yuli, kullum ƙarfe shida na yamma za a kifa mata babban kwali, a ɗage ƙarfe bakwai na safe, a ba ta daren Kano a tsakiyar bazarar Ingila. Aiki ne na kullum, ba a tsallake rana, kuma babu wanda ya ba mu tabbacin ɗumin zai isa gurguzu ya ƙosa. A cikin gida ma mun sa irin wannan doka: daga Magariba zuwa kwanciya, Hausa zalla, har da mu manya da bakinmu ya saba zamewa. Ana ƙorafi, ana dariyar kuskuren juna, wani lokaci a yi shiru mai tsawo saboda kalmar ta ɓace wa kowa sai an bugo wa Hajiya.

Rubuta sunayen shuka a jikin robobi aikin autarmu ne, mai shekara bakwai. Tana rubutawa a kan sandunan askirim da ta tara tun bara: tumatir, gauta, latas, alayyafo. Da ta zo kan ta ƙarshe sai ta tsaya, ta ce ita ba yakuwa za ta rubuta ba, tunda abin da ake nema bana daban ne.

"Umma, yaya ake yin b mai ƙugiya?"

Aka kama hannunta aka nuna mata. Ta rubuta zoɓo, ƙugiyar ta fi harafin girma, ta soka sandar a ƙasa. Ƙwaya shida muka shuka a robar. Zuwa yau huɗu sun fito.